Safiyar da Umar Ya Kashe Waya

Tun ranar da aka kai Malam Ikrima, mahaifin Zubaida, makwancinsa, sunan Umar ya ɓace daga bakin mutanen gidan nan na unguwar Gwallaga a Bauchi. In ta kama dole a yi maganarsa, "yaron nan" ake cewa, a haɗa da taɓe baki. Zubaida tana ji tana gani, amma ba ta da sauran ƙarfin yin musu da kowa. Da gajiya take kwana, da ita take tashi, irin gajiyar da barci ba ya yi wa komai.

Ranar Juma'a da safe tana ɗaura ɗankwali za ta tafi makarantar da take koyarwa, mahaifiyarta ta yi magana daga kan tabarmar da take zaman takaba.

"Ɗanlarai ya sake aiko da itace jiya. Har da manja."

"Allah ya saka masa da alheri, Inna."

"Amin. Iyakar abin da za ki ce ke nan?"

Zubaida ta sunkuya tana laluben takalminta a ƙarƙashin gado.

Inna A'i ta ajiye carbi a cinya. "Ni dai ba zan yi miki dole ba. Kin wuce wannan, mahaifinki ma bai taɓa yi wa 'ya'yansa ba. Amma ki duba, Zubaida. Ɗanlarai ne ya sayo likkafani. Shi ya kama makara, aka ce da shi aka shiga kabari aka karɓi mahaifinki. Kwanakin makoki kaf ya rufe shagonsa a kasuwar Muda Lawal, ya zo ya zauna a tabarma har ƙafafunsa suka kumbura. Wancan da kike so fa, yana ina?"

"Ya zo, Inna."

"Ya zo bayan la'asar, mutane sun dawo daga maƙabarta har ƙasar ƙafarsu ta bushe." Ta goge ido da gefen mayafi. "Baffanki zai biyo gobe da hantsi kafin ya wuce kasuwa. Ya ce maganar aurenki ba za ta tsallake sadakar arba'in ba a yanke ta ba. Ki shirya abin da za ki faɗa masa."

"To, Inna."

A cikin keken da ya ɗauke ta, Zubaida ta jingina kai da ƙarfe ta lumshe ido. Da ma Ɗanlarai mugu ne, da abin ya zo mata da sauƙi. To ba mugu ba ne. Mutum ne mai sanyin hali, ɗan abokin mahaifinta, mai sayar da yadi, ya daɗe yana sonta kuma bai taɓa matsa mata ba. Laifinsa ɗaya, in ya zauna hira ba ya wuce farashin shadda da ciwon gwiwar tsohuwarsa. Zuciya kuwa ba ta san adalci ba, ta tsallake shi ta je ta maƙale wa Umar.

Shi Umar ma'aikaci ne a wata ƙungiyar binciken noma, yana gwajin irin dawar da ciyawar wuta-wuta ba ta kashewa a wasu gonaki da ke ƙauyen Miri. Amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne karatu. Ba karatun jarrabawa ba, irin sababbin littattafan nan da masana na ƙasashen waje suke rubutawa a kan rayuwa da aiki da kimiyya. Samarin wasu sukan zo zance da tsire da turare, shi kuwa da tunani yake zuwa, ya zazzage mata shi a zaure yana zare ido kamar wanda ya tsinci dami a kala.

Yau ya ce mata ashe bishiyoyin daji suna aika wa juna abinci ta ƙarƙashin ƙasa. Gobe ya ce ƙananan halittun da ke cikin hanjin mutum suna da hannu a fara'arsa da fushinsa. Jibi kuma ya ce ba babban ƙuduri ne ke canja mutum ba, ƙaramar ɗabi'a ce da ake maimaitawa kullum har ta zama jiki. Zubaida, da take koyar da kimiyyar halittu ga yaran da rabinsu ke gyangyaɗi, sai ta ji kamar an buɗe mata taga. Tana yi masa dariya, tana kiransa Malam Na-Karanta, amma kafin ya kai bakin titi ta fara kewarsa.

Malam Ikrima ma ya so shi. Tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, sai su zauna suna gardamar dawa har shayi ya huce. Shi ya ce wa Umar da bakinsa, "Bari a yi girbi, ka turo manyanka." Sai dai maganar ta tsaya tsakaninsu, bai kai ga sanar da yayansa ba, wato Baffa, wanda shi ne babba a dangi kuma shi ke ba da auren 'ya'yan gidan.

Cikin littattafan nan ne Umar ya tsinci abin da ya jawo masa. Ya karanta cewa hankalin ɗan Adam in aka katse shi yakan daɗe bai koma inda yake ba, kuma aiki mai daraja ba ya yiwuwa sai an rufe ƙofa an hana duniya shigowa. Nan take ya kama ɗaki a Miri kusa da gonakin gwaji. Daga ya idar da asuba sai ya kashe waya ya jefa ta a aljihun tebur, ba ya kunnawa sai la'asar. Zubaida da kanta ta yaba wa dabarar, har ta ba ɗalibanta misali da shi.

Rannan da asuba Malam Ikrima ya dawo daga masallaci ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida. A asibiti ya farfaɗo, harshensa ya yi nauyi, ya riƙe hannun Baffa ya dubi Zubaida.

"A kira min Umaru," ya ce.

Ta kira. Wata mata ta amsa da muryar nan tata da ba ta san tashin hankali ba, ta ce wayar a kashe take. Ta sake kira, ta sake, har yatsanta ya yi tsami. Mahaifinta yana ta duban ƙofa. Da hantsi ya cika, kafin azahar an sallace shi an binne. Umar bai san abin da ake ciki ba sai da ya kunna waya, saƙonni suka zubo masa.

* * *

Bayan an sakko daga masallacin Juma'a malamai ba su watse ba, ana gyaran takardun jarrabawa. Zubaida ta daɗe a kan takarda ɗaya da jan biro a hannu, ba ta san abin da yaron ya rubuta ba.

Charity, abokiyar aikinta mai koyar da lissafi, 'yar Bogoro, ta turo mata ledar gyaɗa. "Ki ci wani abu mana. Kin ga wuyanki kuwa? Kamar na kaza."

"Ba na jin yunwa."

"Kullum ba kya jin yunwa. Mutuminki yana bakin get tun ɗazu, ya aiko maigadi. Na ce ya jira ki gama."

Zubaida ta ajiye biro. "Charity, me zan ce masa? Baffa ya ce ko mijinki Andrawus, da ba addininmu ɗaya ba, ya bar aikinsa ya zo ya tsaya a bakin maƙabarta. Shi da zai zama suruki babu shi."

"Andrawus wayarsa a kunne ne, shi ke nan bambancin. Ba fin Umar kirki ya yi ba." Charity ta ɓare gyaɗa ta hura ɓawon. "Ni abin da na gani, ku ba ku jira. Mu in mutum ya mutu, ana ajiye shi a asibiti sai na Legas ya zo, na Jos ya zo, a yi mitin, a sa rana. Da babana ne, Umar zai iya kashe waya sati guda ya zo ya samu ana kan dafa abinci. Ku kuma kafin mutum ya wanke fuska an rufe. Wanda yake zaune a cikinku bai kamata ya kashe waya ba sam. Masu littafin nasa ba su san wannan ba, amma shi ai ya sani."

Zubaida ta dube ta, ta daɗe ba ta ɗauke ido ba.

"Tashi mu je," in ji Charity. "Zan zauna a benci kusa, kada a ce an gan ku ku biyu."

Yana tsaye a ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, jikin babur ɗinsa. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Wayar tana hannunsa, yana juya ta yana duba fuskarta, alhali babu wanda ya kira.

"Ranki ya daɗe," ya ce, muryarsa a dishe. "Ya ƙarin haƙuri? Ya Inna?"

"Da godiya."

"Zubaida, na zo in sake neman gafara."

"Ka nema, na ce na yafe."

"Bakinki ya ce. Idonki bai ce ba." Ya juya wayar a hannunsa. "Na san abin yana dawo miki. Na karanta cewa duk sanda mutum ya tuna wani abu, ƙwaƙwalwa sake gina shi take, tana ƙara masa nauyin da…"

"Umar." Ta ɗaga hannu. "Don girman Allah kada ka karanta min littafi yau."

Ya sauke hannun da ke riƙe da wayar.

"Babu abin da ƙwaƙwalwata ta ƙara," ta ce, hawaye suka fara zubo mata ba tare da ta yi niyya ba. "Ina tsaye a bakin gadon. Baba yana duban ƙofa. Duk wanda ya turo ta sai ya ɗaga kai, ya ga nas ce, ya mayar. So yake ya damƙa ni a hannunka a gaban Baffa, ka gane? Ya san tafiya zai yi. Abu na ƙarshe da ya nema a duniya kai ne, ni kuma ina riƙe da waya wata mata tana gaya min a kashe take. Har yau in na rufe ido muryarta nake ji."

"Wallahi da na sani…"

"Ai ba za ka sani ba, ka toshe hanyar sanin. Gaya min, masu rubuta littattafan nan naka, a garinsu gawa tana kwana nawa kafin a binne ta?"

Ya sunkuyar da kai. "Takan daɗe."

"Mu fa?"

"Ba ta kwana."

"To don me ka ɗauko dabarar mutanen da mutuwarsu ke jira, ka kawo ta garin da tamu ba ta jira? A Bauchi aka haife ka, Umar. Jana'iza nawa ka bi da ƙafarka? Ka san tsakanin rasuwa da rufewa bai kai tsawon aikinka na safe ba."

Ya zauna a kan dutsen da ke gindin bishiyar, ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu. Hawaye ne a fuskarsa, bai damu ya goge ba, ga masu acaɓa suna wucewa suna waiwaye.

"Kin tuna ranar da na ba ki labarin binciken nan da aka bi mutane tun suna samari har suka tsufa?" ya ce. "Aka tarar waɗanda suka fi lafiya da kwanciyar rai ba masu dukiya ba ne, ba masu suna ba ne, masu mutane ne. Har kika ce ai Inna ta san wannan ba tare da ta yi bincike ba."

"Na tuna."

"Littafin yana kan tebur ɗina, a ƙarƙashin wancan da ya ce in rufe ƙofa. Duka biyun na karanta, Zubaida. Sai na ɗauki wanda ya fi min daɗi."

Wannan maganar ta fi duk ban-haƙurin da ya yi a baya shiga ranta. Tausayinsa ya kama ta, haushinsa kuma bai sake ta ba, ta rasa wanda za ta bi. Ta jingina da bishiyar.

"An ce Ɗanlarai kullum yana gidanku," ya ce a hankali.

"Yana zuwa."

"Ba zan zage shi ba. Ya yi abin da ni ya kamata in yi." Ya ɗago. "Kina sonsa?"

"Ka san amsar. Da ina sonsa da tuni na huta."

Daga benci Charity ta yi gyaran murya tana duba agogo.

"Akwai abin da nake so in roƙe ki," in ji Umar. "Tun ranar nan ban rubuta layi ɗaya ba. In na kai hannu zan kashe wayar sai jikina ya hau rawa. In na bar ta a kunne, idona yana kanta, ko ƙuda ya sauka sai na zabura. Rahoton gwajin dawar nan ranar Litinin ne wa'adinsa. In ban miƙa ba za su rufe aikin, su sallame ni, manoman Miri da suka ba ni gonakinsu su tashi a banza. Safiya ɗaya nake buƙata, ta gobe, in rufe ƙofa in haɗa shi. Amma na yi rantsuwa ba zan ƙara kashe ta ba sai da izininki."

Zubaida ta dube shi, ta dubi wayar da ke hannunsa. Ta tuna mutumin da ke shigowa zaure da bishiyoyi masu aika wa juna abinci, ta ga abin da ya rage daga gare shi. Ba ta so a ce ta dalilinta ya rasa aikin da ya zuba wa shekaru. Ta yi tunanin gaya masa Baffa zai zo gobe, sai ta ga ai da ita Baffa zai yi magana, ba da shi ba, kuma in ta faɗa ba zai iya rubuta komai ba.

"Ka kashe," ta ce.

"Zubaida…"

"Na ce ka kashe. Wanda za a neme ka dominsa ya riga ya tafi. Ka yi aikinka."

Ta juya ta koma ciki, Charity ta biyo ta da ledar gyaɗa.

* * *

Washegari Baffa ya iso da hantsi kamar yadda ya ce. Dattijo ne dogo mai farin gemu, ya yi shekara da shekaru yana sayar da hatsi a Muda Lawal, kuma ba a san shi da magana biyu ba. Aka shimfiɗa masa darduma a ƙofar ɗakin Inna A'i. Zubaida ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma gefe ta zauna, kanta a ƙasa.

"Zubaidatu," ya ce, "mahaifin Ɗanlarai ya same ni a rumfa. Ban amsa masa ba, ban kuma hana shi ba. Na ce sai na ji daga bakinki."

"Baffa, Ɗanlarai mutumin kirki ne. Amma Baba ya riga ya yi wa Umar alkawari."

"Haka uwarki ta gaya min, kuma ban ƙaryata ba. Sai dai ni ban ji daga bakin ɗan'uwana ba. Ya so in ji, Allah bai nufa ba. Kin san dalili, kina wurin."

"Kuskure ne, Baffa. Bai san…"

"Bari in gaya miki abin da ba ki sani ba." Muryar dattijon ta canja. "Sanda kika fita baranda kina ta kira, Ikrima ya matse hannuna ya ce, 'Yaya, ya taho?' Na ce masa, 'Yana hanya.' Ni, da furfurata. Tun muna yara ban taɓa yi wa ƙanena ƙarya ba, sai a kan gadon mutuwarsa, saboda wani yaro ya rufe kansa a ɗaki yana karatu. Da wannan ƙaryar ya tafi. Kullum na ɗaga hannu zan yi masa addu'a sai ta tsaya min a wuya."

Inna A'i ta fashe da kuka a cikin ɗaki. Zubaida ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Duk abin da ta kwana tana shiryawa ya watse.

"Ba ƙinsa nake ba," Baffa ya ci gaba. "Tsoro nake ji. Aure ba hira ba ne. Wata rana naƙuda za ta kama ki da safe. Wata rana yaro zai shiɗe. Wata rana ni ne zan faɗi, ko uwarki. In ba a samu mijinki a irin wannan lokacin ba, me aka aura miki? Littafi?"

"Ya canja, Baffa. Wallahi ya canja. Da ka ga yadda ya koma…"

"Haka kawunsa ya zo ya ce min. Kowa ya ce ya canja." Ya gyara zama. "Ni ɗan kasuwa ne, Zubaidatu. Ban taɓa sayen buhu don mai shi ya rantse ba, sai na soka ƙarfe na ga abin da ya fito. Ina wayarki?"

"Tana ɗaki."

"Ɗauko."

Ta tashi da ƙyar ta ɗauko, ta dawo ta durƙusa.

"Yanzu hantsi ne, daidai lokacin da aka neme shi rannan. Ki kira shi, ki buɗe muryar kowa ya ji. In ya ɗauka, na ba shi, ya turo manyansa bayan arba'in, ni zan ba mahaifin Ɗanlarai haƙuri da kaina. In kuwa matar nan ce ta amsa, ba zan ce ki auri wanda ba kya so ba, amma hannuna ba zai ba da ke ga Umaru ba har in koma ga Allah. Kin ji na rantse."

Zubaida ta buɗe baki za ta ce ita ce ta ba shi izini jiya, ita ta ce ya kashe. Sai ta hango yadda maganar za ta sauka a kunnen Baffa: ashe har yau yana kashewa, har ma da yardarta. Ta mayar da bakinta ta rufe. Da hannunta ta rufe wa kanta ƙofa, kuma babu wanda za ta ɗora wa.

"Baffa, a bari sai an jima mana," ta ce. "Ko da la'asar."

"Mutuwa ta bari sai la'asar?"

"Ki kira, 'yar nan," in ji Inna A'i daga ciki. "Ki kira a huta."

A huta. Ita ma abin da take so ke nan, ko ta wace hanya. Ta lalubo sunansa, hawaye yana ɗiga a kan gilashin. Abin da ya fi tsorata ta ba rantsuwar Baffa ba ce, sake jin muryar matar nan ne a gaban mutane. Ta danna, ta ajiye wayar a kan darduma, ta runtse ido.

Shiru ya ɗan ratsa. Sai wayar ta yi ƙara, ƙarar shiga.

Ba ta kai ga yin ta biyu ba aka ɗauka.

"Zubaida!" Muryar Umar ta cika tsakar gidan, a firgice, numfashinsa sama-sama. Aka ji kujera ta kife, takardu suka zube. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wa ya rasu? Inna ce? Zubaida, yi magana! Ga ni nan, wallahi ga ni nan, ina neman makullin babur ne, kada a tafi, ki ce su jira ni, don Allah ki ce su jira ni…"

Zubaida ta toshe baki da mayafi. Bai kashe ba. Ta ba shi izini, ya tafi da izinin, ya kasa. Ya zauna tun asuba da waya a gabansa yana jiran mummunan labari, rahoton da aikinsa ya rataya a kai yana nan yadda yake. Ta so ta ce masa lafiya lau, kuka ya hana ta. Ba kukan murna ba ne, ba ta da ƙarfin murna. Kukan tausayin mutumin da ta ga ya karye ne, da na kanta.

"Zubaida? Kina ji na? An riga an tafi ne?"

Baffa ya daɗe yana kallon wayar, gemunsa yana motsi. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauke ta daga kan darduma, ya kai ta kusa da bakinsa kamar yadda tsofaffi ke yi.

"Umaru."

Numfashin da ke cikin wayar ya tsaya cak. "Na'am, Baffa."

"Babu wanda ya rasu." Dattijon ya goge ido da hannun riga. "Wanda ya neme ka rannan ya riga ya tafi. Yau ni nake nemanka. Ka hau babur ɗin a hankali, zan jira."